Ba Waccan Damar Na Ce Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da kike ɓoye mana, ya ƙara wa maigidan haƙurin zama da ke, don mu da muka tashi a hannunki mun san ba ƙaramin aiki ba ne. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, kunne ne dai ya ƙara nauyi, baki kuwa bai ragu da komai ba. Ƙanwarki, uwargidana, tana ta fama da mu. Ni ma ina nan ina bin famfunan mutane, yau ina kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanke, gobe ina kan tanki, bayana yana ta tuna mini shekaruna.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, ni da rabona da biro tun ranar da na sa hannu a takardar hayar shago. To waya ce ta jawo mana abin da zan faɗa miki, shi ya sa na ƙi sake ba ta amana. Kuma ke a waya kamar ana kora ki kike magana, kafin in haɗiye yawu kin yanke hukunci kin fara rabon aiki. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta. Maganar 'yata ce, takwararki. Ina roƙonki ki dakatar da duk shirin da kike yi na ɗauko ta zuwa wurinki a yi mata aikin zuciya. Ba za a yi aikin ba, Yaya, can ko nan. Idan aka toshe hujin nan da ke zuciyarta yanzu, likita ta ce toshewar ce za ta iya kashe ta. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya ki fara yi mini faɗa.

Ki tuna ranar da muka fara ganin likitar zuciya, wata uku ke nan. Na fito daga ɗakinta, ina tsaye a bakin ƙofar asibiti, motoci suna ta ƙara, sai ga kiranki. Kika tambaye ni me aka ce. Na ce miki likita ta ce yanzu maganar a dama take. Ina nufin ɓangaren dama na zuciya. Ke kuma kika ji na ce akwai dama. Kika rangaɗa hamdala har sai da na janye wayar daga kunnena, kika kira maigidanki kina gaya masa, na ji yara suna murna a bayanki. Na buɗe baki in gyara, wallahi na kasa. Shekara nawa rabon da in ji muryarki haka. Na ce a raina bari a gama gwaje-gwaje tukuna, wataƙila ma abin da kika ji ya zama gaskiya. Tun daga nan kullum kika kira kina lissafa mini likitan da kika gani da takardun da kika cike, ni kuma ina ta cewa to, to. Akwatin da kika aiko mata ma da hannuna na karɓo shi. Wannan laifina ne, ban da wanda zan ɗora wa.

Bari in koma baya kaɗan, don akwai abin da ke ma ba ki sani ba. Kin tuna tana jaririya yadda take haki idan tana shan mama, gumi ya jiƙe mata goshi, ba ta ƙiba. A lokacin aka ce akwai huji tsakanin ɗakuna biyu na ƙasan zuciyarta, aka ce mu riƙa dawowa ana dubawa, wataƙila sai an yi aiki. Muka je sau uku ko huɗu. Sai tana shiga shekara ta uku hakin ya ragu, gumin ya ɗauke, ta yi kumatu, ta fara bin ƙanwarki har bakin titi. Duk wanda ya tambayi jikinta sai mu ce da dama, kai, har mu ce ta warke. Inna ta ce hujin ya like da kansa, ni kuma na yarda, don abin da nake son ji ke nan. Muka daina zuwa asibiti. Yanzu likita ta bayyana mini cewa wancan sauƙin ba sauƙi ba ne. Jinin da yake malala ta hujin zuwa huhu ya yi yawa, sai jijiyoyin huhun suka fara tsukewa don su kare kansu. Da suka tsuke, hakin ya ragu, mu kuma muka yi ta murna. Shekara goma suna ƙara tsukewa da kauri muna zaune. Da na sani ƙeya ce, na san da haka, amma ba ta fasa bin mutum a baya.

Likitar wata mace ce doguwa, ba ta da yawan dariya, amma ba ta gaggawa da mutum. Da ta ji sana'ata sai ta ajiye biro ta ce ta huta, yau ta samu wanda zai gane ba wahala. Ta ce zuciya injin ruwa biyu ne a gida ɗaya. Na hagu ƙaƙƙarfa ne, shi ke tura jini duk jiki. Na dama kuwa ƙaramin inji ne, an yi shi don ya tura jini nan kusa zuwa huhu, ta hanya mai faɗi, ba wahala. To a jikin takwararki hanyar ta tsuke, ƙaramin injin yana tura kaya irin na babba shekara da shekaru. Abin da suke kira hawan jinin huhu ke nan. Ta ce tambayoyi biyu take son amsarsu: jijiyoyin huhun za su iya sakewa ko sun riga sun ƙage, kuma ɗakin nan na dama saura ƙarfi nawa gare shi. Ta ce komai na rayuwar yarinyar nan gaba a kan wannan ɗakin ya rataya.

Kalmar hawan jini ma sai da ta jawo mana rigima a gida. Inna tana ji ta ce ai cutarta ce, ita za ta gaya wa likita. Ta ɗauko na'urar awonta ta ɗaura wa yarinya a dantse, lamba ta fito daidai, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, daidai. Ta ce likitocin zamani ba su san komai ba sai tsorata mutane, ga yarinya fuska fes, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa wannan hawan a cikin huhu yake, na'urar dantse ba ta kai can. Washegari ƙanwarki ta kama ta tana raba ƙwayar maganinta biyu za ta ba jikarta rabi. Da ƙyar muka ƙwace. Yanzu maganin Inna a aljihuna yake kwana, ni nake ba ta safe da yamma, tana karɓa tana harara ta kamar na ci mata gado.

Daga nan muka shiga zirga-zirgar awo, kuma Yaya na gaji. Ban taɓa sanin zama a benci yana gajiyar da mutum fiye da haƙa rami ba. Mu fito da sassafe da fayil a jaka, mu karɓi lamba, mu zauna muna kallon ƙofa ɗaya har azahar. Na farko shi ne hoton zuciya, wanda ake shafa wa mutum wani mai mai sanyi a ƙirji a riƙa goga na'ura. Mai ɗaukar hoton ya fi minti arba'in a kanta, ya juya ta hagu, ya sa ta riƙe numfashi, ya danna ƙarƙashin haƙarƙari har ta ɓata fuska. Na tambaye shi lafiya, ya ce ɗakin dama ne ba ya son hoto. Na hagu wai zagayayye ne kamar tanki, ka auna tsawo da faɗi ka san abin da yake ci. Na dama kuwa lanƙwasasshe ne, ya rungumi ɗan'uwansa kamar jinjirin wata, ga shi ya laɓe a bayan ƙashin ƙirji. Don haka sai dabara. Suna duba yadda bakin ɗakin yake nitsawa ƙasa a kowace bugawa, su auna da milimita. Nata goma sha takwas ya samu. Suna duba kaurin bangon, da ko ɗakin ya buɗe ya yi girma, da yadda bangon tsakiya yake karkata. Na tsaya ina kallon allon, inuwa ce kawai take motsi, amma na kasa ɗauke ido. Shekara goma sha uku ina uban yarinyar nan, ranar na fara ganin irin aikin da take yi tana zaune shiru.

Likita ta ce lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai aka tura mu babbar na'urar nan mai kama da bututu, wadda ake tura mutum ciki a kwance. Aka cire mata 'yan kunne da duk wani ƙarfe, aka toshe mata kunnuwa saboda ƙara. Ita ce wai take iya auna cikin ɗakin yanki-yanki, ta faɗi jini nawa yake shiga, nawa yake fita. Ƙanwarki ta kasa tsayawa, ta koma waje tana jan carbi. Yarinyar ta fito tana cewa ƙarar ba ta kai ta injin niƙan bayan gidanmu ba. Aka ɗebi jini kuma, har ta daina juya kai idan ta ga allura.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mafi sauƙinsu. Wata nas ta ajiye kujera a farkon wani dogon baranda, ta ajiye wata a ƙarshe, ta maƙala wa yarinya ɗan abin awon iskar da ke jini a yatsa, ta ce ta yi ta kai da kawowa minti shida. Ta gargaɗe ni kada in riƙe mata hannu, kada in ce mata yi sauri ko yi a hankali. Na jingina da bango na harɗe hannu. Ta fara da ƙarfinta, tana ɗaga kai don ta burge ni. A minti na huɗu na ga leɓenta ya yi duhu, lambar yatsan ta sauka daga tamanin da takwas zuwa saba'in da tara. Ta dafa kujera, ta dube ni, ni kuma an hana ni magana. Sai na sunkuyar da kai ina ƙirga tayil ɗin ƙasa. Ta huta kaɗan ta ci gaba da kanta har lokaci ya cika. Taurin kan nan dai kin san inda ta gado shi, ba a banza aka sa mata sunanki ba.

Na ƙarshe shi ne wanda aka kwantar da ita. Suka zura wani siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya da hanyar huhu, suka auna matsin jinin kai tsaye, kamar yadda nake ɗaura ma'auni a bakin inji. Sannan suka ba ta iskar oksijin su ga ko jijiyoyin huhun za su saki. Wannan gwajin shi ne alƙali. Kusan sati biyu da suka wuce likita ta kira mu ni da ƙanwarki, ta jera takardun a tebur, ta ce ba su saki yadda ake buƙata ba. Matsin ya kai inda wani lokaci jinin yake juyawa ta hujin daga dama zuwa hagu, shi ya sa leɓenta yake duhu idan ta motsa. Na ce to ai sai a toshe hujin a huta, ni abin da na sani ke nan, shekara ashirin da biyar ina toshe yoyo. Ta dube ni ta tambaya, idan inji yana tura ruwa a bututun da ya tsuke, kuma akwai 'yar hanyar da matsi yake fita idan ya yi yawa, me zai faru in aka toshe ta. Nan take na gane. Hujin da muka yi shekaru muna roƙon Allah ya like shi, yanzu ta nan ɗakin dama yake samun sarari.

Amma ba duka labarin ne baƙi ba, kuma ina so ki riƙe wannan. Likita ta ce ɗakin dama na takwararki jarumi ne. Tun tana ciki yake ɗaukar kaya, ya saba, bangonsa ya yi kauri, har yanzu yana matsawa da kyau, bai buɗe ya saki jiki ba. Ta ce masu irin wannan da yawa suna girma, su yi karatu, su yi sana'a, muddin ana kula. An ɗora ta a kan maganin da ke sassauta jijiyoyin huhu. Duk wata shida za a sake hoton, a sake tafiyar baranda, a ga ko goma sha takwas ɗin nan tana nan ko ta fara sauka. Kada ta yi gudu, kada ta zauna da ƙishirwa, kada a ba ta kowane magani sai an tambaya. Akwai wasu maganganun na gaba, na aure da haihuwa, da ta ce za mu zauna a kansu idan lokaci ya yi, ni dai ban da ƙarfin ɗaukarsu yanzu. Na tambaye ta shekara nawa. Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ba ni lamba ƙarya yake yi.

Na san halinki. Za ki ce a kawo ta can, likitocinku sun fi kayan aiki. Na riga na tambaya. Ta ce in aika da duk takardun ga wanda nake so, za ta ma ji daɗi wani ya duba, kuma na sa kwafinsu a cikin wannan ambulan, ki kai wa likitan naki. Amma ki kai masa duka, har da ta gwajin bututun, kada ki je da bakinki kawai ki ce yarinya ce mai huji a zuciya. Tsorona ke nan, Yaya. Kin iya magana, kina iya sa dutse ya ce to. Ina tsoron ki yi ta bugun ƙofofi har ki samu wanda zai yarda ya yi abin da bai kamata ba, don kawai kina son ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan yoyon kuwa a bar mana shi.

Saura in gaya miki yadda ita ta ji. Kwana goma ina kewaye-kewaye, in shiga ɗakinsu da niyyar magana, in ga akwatin nan naki a gefen gado ta shirya kaya a ciki har da takalmin da ba ta taɓa sawa ba, sai in tambaye ta aikin makaranta in fito. A wurin aiki ma hankalina ba ya jikina, ranar Talata na ɗaura wa wani mutum kan famfo a juye, ruwan zafi a wurin na sanyi. Shekaranjiya da la'asar ina zaune a tsakar gida ina wanke kayan aiki, ta zo ta zauna kusa da ni tana miƙo mini sifana ɗaya-ɗaya. Can sai ta tambaye ni ko na tuna mutumin nan mai gidan bene, wanda ɗigar ruwan bayan injinsa ta dame shi, ya samu ƙusa da tsumma ya toshe, kwana biyu injin ya ƙone. Labarin da na sha ba su a gida ina yi wa mutumin dariya. Na ce na tuna. Ta ce ita ma irin wannan ɗigar ce da ita, ko ba haka ba. Ashe ranar da likita take mana bayani ƙofar ba ta rufu sosai ba, tana benci tana jin komai. Kwana goma ta san ba za ta tafi ba, ta bar akwatin a shirye don kada mu gane ta sani, mu shiga damuwa. Ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini. Na yi kuka a gabanta, Yaya, ban ji kunya ba. Ita ce ma take ce mini in bari kada Inna ta fito ta ɗauko na'urar awo.

Abu ɗaya ta tambaya, shi ne wa zai gaya wa Gwaggo. Ta ce ita ba aikin ne ya fi damunta ba, dama tsoronsa take ji. Abin da take ƙirga wa kwanaki shi ne ta gan ki. Tun tana shekara biyu rabonki da ita, ba ta san ki ba sai a hoto da murya. Kullum kina ce mata idan an gama aiki za ku je wuri kaza, idan an gama aiki za ki koya mata kaza. Ta tambaye ni, yanzu da babu aikin, shi ke nan babu ganin. Wannan tambayar tata ce ta sa na nemo biro.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina godiya da duk wahalar da ya sha a kan takardun nan, Allah ya saka masa da alheri. Ki gaishe da babban ɗanki da matarsa, da 'yan biyunki, da autarki da ban taɓa gani ba. Inna tana gaishe ki, ta ce ki rage gishiri. Ƙanwarki tana gaishe ki, ta ce ki yafe mana shirun da muka yi. Takwararki ta ce in gaya miki ta kwashe kayanta daga akwatin ta mayar cikin durowa, amma takalmin ta fara sawa, ya yi mata daidai.

Ni kuma roƙona ɗaya ne. Duk ƙoƙarin da kika yi don ta zo wurinki, ki juya shi ke ki zo wurinta. Kada ki jira hutun yara, kada ki jira gwiwa ta warke, kada ki jira awon wata shida mai zuwa. Zumunci a ƙafa yake, ita kuma tata ƙafar minti shida aka auna mata. Wancan karon ke kika ji abin da ban faɗa ba. Wannan karon da hannuna nake rubuta miki, ki karanta da kyau: yanzu akwai dama. Ki zo.

Wassalam.

Ƙaninki,
wanda har yau kike kira Injiniyan Yoyo